Mahaifina Bai Toshe wa Kowa Hanyar Amurka Ba

Shekara bakwai ke nan da muka binne Baba, kuma shekara bakwai ke nan mutanen garinmu da ke New York suna ba da labarinsa a karkace. Wai Malam Isiyaku tela ya ci amanar mutumin da ya kawo shi Amurka. Wai ya tsallake manya ya kai ƙarar ɗan'uwansa wurin hukuma, ya toshe wa na baya hanya. Masu ɗan taushin baki su ce ai shi bawan Allah ne, ba ruwansa, 'yarsa ce mai rawar kai ta zuga shi. To 'yar tasa ni ce, Asma'u, kuma na gaji da ganin hira tana mutuwa a bakin mata da zarar na shigo gidan suna. Duk maganganun nan ba gaskiya ba ne. Ba amanar da ya ci, tasa aka ci. Manya kuwa sau uku yana zama a gabansu. Batun zuga, wanda ya san Baba ya san ko shayi ba a sa shi ya sha in bai ga dama ba.

Da don sunansa ne kawai, wataƙila da na ci gaba da yin shiru, tunda gulma ba ta isa inda yake yanzu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Yaya Balkisu, 'yar Baffana, ƙanin Baba. Wata mai zuwa za ta sauka a garin nan, za ta yi ɗinki a shagon da Baba ya yi, ƙarƙashin mutumin da Baba ya yi wa aiki, kuma tun daga Zariya an riga an karantar da ita ta maimaita kuskuren da ya yi a ranarsa ta farko. Bari in fara da yadda muka zo, don na lura masu yawan magana a kan “takardun Alhaji” ba su ma san abin da ke cikinsu ba.

Alhaji Ɗanjuma ɗan unguwarmu ne a Zariya, ya daɗe a nan, yana da shagon shadda da ɗinki a Bronx, ba nisa da Grand Concourse. Mai shago a ƙasar nan ba ya tashi haka kawai ya ce a kawo masa ma'aikaci daga gida. Sai ya je ma'aikatar ƙwadago ya nemi takardar amincewa, ba kuma don kyan hularsa ake ba shi ba. Rantsuwa yake yi a rubuce, cewa ya yi cigiya bai samu ɗan ƙasa da zai iya aikin ba, zai biya abin da ake biyan mai irin wannan sana'a a garin, zai bi dokar aiki a kansa kamar yadda zai bi a kan Ba'amurke. Ta farkon kam Alhaji bai yi ƙarya ba. Ka zagaye New York kaf ba za ka samu wanda zai zauna ya yi maka aikin aska takwas a babbar riga da hannu kamar Baba ba. Wanda ya shigo ta wannan ƙofa, ranar da ya sauka yana da izinin zama, shi da iyalinsa. Katin, wanda a nan ake kira girin kad, sunansa ne a jiki, ba na mai shago ba. Wato alkawari aka ƙulla tsakanin Alhaji da gwamnati a kan Baba, kuma a cikin su ukun Baba ne kaɗai ba a karanta wa ba.

Ina 'yar shekara sha huɗu muka zo, ni da Baba da Umma da ƙanwata tana goye. Alhaji da kansa ya zo tarbarmu. Ba mu ko fita daga harabar filin jirgi ba Baba ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro fasfo huɗu a naɗe cikin hankici, ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, “Alhaji, ga amana.” Ina so a ji wannan da kyau, don ni ba na ƙara wa mutum laifin da bai yi ba: Alhaji bai tambaya ba. Baba ne ya miƙa. Alhaji dai bai ce a'a ba, ya ajiye a gaban mota ya tada.

Baba ba wawa ba ne, abin da ya gada ya yi. Kakansa falke ne mai fataucin goro, mahaifinsa kuma ya yi safarar huluna da riguna zuwa Ikko. A wurinsu, in ka sauka a baƙon gari, mai masauki shi ne uwa shi ne uba. Kayanka a ɗakinsa suke kwana, shi zai nuna maka kasuwa, shi zai tsaya maka in rigima ta taso, ranar tafiya ya miƙo maka abinka ko allura ba ta ɓata ba. Ka riƙe kayanka a jikinka a gidan mai masauki, ka zage shi ke nan, kamar ka kalle shi ka ce masa ɓarawo. Abin da Baba bai lura da shi ba, mai masaukin kakansa da zuwanka da tafiyarka yake ci, ka tafi lafiya ka dawo baɗi shi ne jin daɗinsa. Wannan kuwa mai masaukin shi ne mai aikin, duk ranar da ka tashi daga kan keken ɗinki a wurinsa asara ce. Da katunanmu suka fito, adireshin shago aka sa, suka bi fasfo cikin durowa ɗaya. Mu ba mu ma san sun zo ba.

Shekara biyu muka yi a haka a wani ɗan gida a Mount Hope, hawa na biyar. Baba ya fita bayan asuba, ya dawo mun riga mun ci abinci mun wanke kwanuka, har ranar Lahadi in akwai biki a gaba. Bai taɓa ƙorafi ba. In Umma ta yi magana sai ya ce mutumin da ya ɗauko ka daga lungun Zariya ya ajiye ka inda ruwan zafi ke fitowa daga bango ba a tsaya ana duba masa agogo. Teloli huɗu ne a shagon, duk abu ɗaya suka ɗauka: takardunsu na Alhaji ne, ran da ya ga dama ya janye, a kwashe su a mayar gida. Alhaji bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba. Bai kuma taɓa gyara musu ba.

Sai Hajiya, mahaifiyar Baba, ta kwanta ciwo ana saura sati uku babbar sallah. Baffa ya kira ya ce likita ya ce a sanar da na nesa. Baba ya je ya durƙusa ya nemi fasfonsa, sati biyu kacal zai yi. Alhaji ya nuna masa tulin shaddar sallah, ya ce ai kayan mutane ma amana ne, a bari a sauko daga idi. Ya ƙara da cewa in ya fita yanzu ba lallai a bar shi ya dawo ba, takardun ba su gama nuna ba. Ƙarya ce, katin yana cikin durowar da gwiwar Alhaji ke gogawa. Hajiya ta rasu ranar jajibere. Baba ya karɓi gaisuwa ta waya, ya koma ya ƙarasa wuyan rigar da wani zai sa ya je idi.

Yanzu ga masu cewa ya tsallake manya. Bayan sadakar arba'in ya je wurin shugabannin ƙungiyar 'yan garinmu, bai nemi komai ba sai a ba shi fasfonsa ya je ya ga kabarin uwarsa. Zaman farko aka ce ya yi haƙuri, Alhaji yana da uzuri. Zama na biyu Alhaji bai zo ba, aka sha shayi aka watse. Zama na uku wani dattijo, wanda har yau yake sahun gaba a masallaci, ya ce masa, “Malam Isiyaku, da wanda ya kawo ka ake jayayya? Ajiya ce fa, ba ƙwace ba.” Baba ya ce ajiyar da mai ita ya nema har sau uku ba a ba shi ba, shi bai san sunanta ba. Aka ce ya fara baƙar magana. Ya ɗauki takalminsa ya fito. Rabin mutanen da ke ɗakin suna da ƙani ko ɗa a gida da ke jiran Alhaji ya yi masa takarda. Ban ce don haka suka yi shiru ba, na dai faɗi abin da ke akwai.

Nawa hannun a ciki ga shi, tunda ana son ji. Doka ta ce mai neman ɗauko sabon ma'aikaci sai ya manna sanarwa a wurin aiki, inda ma'aikata za su gani. Alhaji ya manna, ba za a ce bai manna ba: a bango bayan tulin atamfa, da Turanci, a shagon da duk telolinsa ba mai karanta Turanci. Wata Asabar na kai wa Baba abinci, an sayi turamen da ke saman tulin, sai takardar ta leƙo. Ina hai sukul, wato sakandare, lokacin, duk abin da na gani a bango sai na karanta. Na karanta da ƙarfi ina fassarawa, ba don komai ba sai don a san na iya. Ana neman tela, awa kaza a sati, albashi kaza, kuma duk mai wata hujja game da wannan nema yana iya aikawa zuwa adireshi kaza. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce in sake karanta wurin awa. Na sake. Ya ce, “Ni ma irin wannan aka rubuta a kaina?” Na ce ban sani ba. Ya ce in kwafe adireshin, na kwafe a bangon littafin makaranta.

Aka yi sati biyu. Sannan Baba ya sa Umma ta kira Mama Rifkatu, maƙwabciyarmu 'yar Kafanchan mai aikin nas, wadda ita ma wani asibiti ne ya yi mata takarda ta shigo. Da ta ji inda fasfonmu yake sai da ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta ce a ƙasar nan ba mai ikon riƙe wa wani fasfo, ko da mijinki ne, katinmu kuwa ko rantsuwa za ta yi ya daɗe da fitowa. Ita ta kai Baba wani ofishin lauyoyi da ke taimakon ma'aikata kyauta. Wasiƙar da aka aika adireshin nan kuma Baba ne ya riƙa faɗa da Hausa ina juyawa Turanci a teburin kicin. Na so in sa “azzalumi”, ya hana. Na so in sa “bauta”, ya hana. Ya ce in rubuta abin da aka yi da ranar da aka yi shi, in bar masu karantawa su sa masa suna. Ya sa na rubuta cewa Alhaji ya tarbe mu a filin jirgi, shi ya nema mana gida, shi ya kai Umma asibiti ranar da ta zame a kan ƙanƙara. Na ce Baba wannan ai taimakonsa kake yi. Ya ce ai an yi. Wannan ne mutumin da wai yarinya 'yar sha shida ta juya.

Kwana biyu bayan takardar lauya ta isa shago aka aiko mana da baƙar leda. Fasfo huɗu, kati huɗu, har hankicin yana ciki. Binciken hukuma ya ɗauki lokaci, ƙarshensa aka dakatar da neman da Alhaji ke yi, aka hana shi ɗauko kowa na wasu shekaru. Ba a rufe shagonsa ba, ba a ɗaure shi ba, ba a kori kowa daga ƙasa ba. Amma cikin waɗanda takardarsu ta tsaya akwai ƙanin Malam Habu, abokin aikin Baba da suke benci ɗaya, wanda har ya sayar da kekensa a gida yana jiran tafiya. Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba, kuma har Baba ya rasu abin yana cin sa. Sai dai in yi tambaya. Wa ya karya rantsuwar, wanda ya sa hannu a kanta ko wanda ya ce an karya?

Hukuncin 'yan garinmu ya fi na hukuma sauri. Ba wanda ya zagi Baba a fuska, mu ba ma haka. Ɗinki kawai aka daina kawo masa. Mutanen da a da ba sa yarda kowa ya taɓa musu shadda sai shi, suka koma aikawa gida a ɗinko musu. A masallaci sahu ya riƙa ɗan buɗewa a gefensa. Umma kuma ba ta jin labarin suna sai an yi an gama. Ƙarshe wata 'yar Haiti mai shagon wanki da guga a Flatbush ta ɗauke shi gyaran kaya. Mutumin da ke ƙawata wuyan babbar riga ya koma rage ƙafar wando da canza zif, tiren, wato jirgin ƙasa, biyu zuwa, biyu dawowa. Amma ƙarfe shida matar take rufewa, ranar Juma'a ta sallame shi tun da rana, kuma a shekarar farko ya ɗauki fasfonsa ya je Zariya ya tsaya a kan kabarin Hajiya. Ya dawo, ba wanda ya tare shi a filin jirgi. Shekara uku ya yi a wannan aiki, sai hawan jini ya buge shi wata safiya yana ɗaura takalmi. Jana'iza ta cika, kowa ya zo, har Alhaji. Mu wurin gawa ba ma fashi. Ranar sadakar uku ina raba ruwa na ji wata tana ce wa wata ai alhaki ne.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce in ya leƙo yau. Yanzu kowa da waya a hannu, mutum yana zaune a Tudun Wada zai ɗauki hoton takardar Turanci wayar ta juya masa Hausa kafin ya haɗiye yawu. Baba zai yi murna da wannan, ina jin har ya ce shi ke nan an daina rufe mutane. Sai kuma ya ga ashe ba rashin karatu ne kawai ya ɗaure mu ba, kunya ce. Har yanzu mutuminmu ya gwammace a riƙe masa kati da a ce ya yi wa mai gida rashin ɗa'a. Zai ga Malam Habu ya sauke farali, ya je gida sau biyu ya aurar da 'ya'yansa, da fasfon da aka mayar masa a satin da aka mayar mana da namu, don Alhaji da ya ga takardar lauya durowar gaba ɗaya ya zazzage. Telolin nan uku ba wanda ya rubuta wasiƙa, ba wanda aka daina gaisarwa, ba kuma wanda ya taɓa miƙewa a taro ya ce ga ta inda fasfonsa ya dawo. Baba ba zai ce musu komai ba. Ni ce nake faɗa.

Na san ni ma ba zan tsira a wurinsa ba. Zai ce in rage murya, zai ce ba a kiran sunan dattijo a jarida. Har ya koma ga Allah, in ya haɗu da Alhaji shi ke fara sallama, ko an amsa ko ba a amsa ba, ni kuwa ina gefensa raina yana ƙuna. Bai taɓa jin kansa gwarzo ba. Ya ɗauki abin da ya yi kamar cirar haƙori, dole ce mai ciwo, ba abin a zauna ana ba da labari ba. Ni ban gado wannan ba. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, ɗan haƙurin da nake da shi a can yake ƙarewa, ba na dawowa gida da saura.

Wa'adin da aka yanka wa Alhaji ya daɗe da cika, ya sake nema an sake ba shi, haƙƙinsa ne. Cikin waɗanda ya yi wa takarda har da Yaya Balkisu, gwanar ɗinkin mata. Ita kaɗai za ta fara zuwa, mijinta da yara biyu su biyo baya. Sati biyu da suka wuce dattawa biyu suka hawo benenmu suka sami Umma. Suka ce Alhaji ya nuna girma, ya ɗauko 'yar gidan da aka ɓata masa, saboda haka ranar addu'ar cikar Baba shekara bakwai zai zo, sai Asma'u ta durƙusa ta nema wa mahaifinta gafara a wurinsa, a rufe magana. Umma ta ce za ta gaya min. Ba na ganin laifinta. Shekara goma tana cin tuwon sallah daga ita sai 'ya'yanta, ta gaji, tana so a riƙa buga mata ƙofa. Da ta gaya min na ce gafarar me. Ta ce, “Ke dai ba kya barin abu ya wuce.” Na ce ai bai wuce ba, Umma, jirginsa ma wata mai zuwa zai sauka.

A ranar na kira Yaya Balkisu. Tana ta murna, tana tambayata wai gaskiya ne sanyin nan yana fasa leɓe, ga rigar sanyi ta saya a gwanjo in duba ko za ta yi. Na ce wannan ko a Jos ba za ta yi ba. Na tambaye ta wane adireshi aka sa na inda za a aiko katinta. Ta ce na shago mana. Na ce fasfo fa? Sai ta yi ƙasa da murya ta ce Baffa ya zaunar da ita ya ja mata kunne: tana sauka, kafin ta sha ruwa, ta miƙa wa Alhaji fasfonta, don ya san gidanmu ba duka ne butulu ba. Wato wannan karon ba rashin sani ba ne. Da gangan za a ba da fasfon mace mai 'ya'ya biyu a wata nahiya, don a wanke sunan da ba shi da datti.

Na ce, “Yaya, in autanki ya kwanta aka ce ki zo, wa za ki je ki durƙusa wa?” Can ta ce ai an ce Alhaji ya canza. Na ce Allah ya sa, ni ma fatana ke nan. In ya canza ba abin da zai yi da fasfonki, in kuma bai canza ba, to shi ne bai kamata ya taɓa shi ba. Ta ce ita Baffa take tsoro, kuma ba ta so ta fara aiki da baƙin jini. Na ce baƙin jinin ta bar min, ina da shi da yawa, ƙari ba zai dame ni ba. Ta yi dariya ta ce har yanzu bakina bai mutu ba. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba.

Baba bai bar gida ba, bai bar shago ba. Rigunan da ya yi suna jikin mutanen da ba sa so a ambaci sunansa, su ma sun fara tsufa, zare yana tashi. Abin da ya rage nasa kaɗan ne, amma yana nan. Tsofaffin telolin shagon kowa katinsa yana aljihunsa, kuma an ce sanarwar da aka manna ta neman su Yaya Balkisu a ƙofar shiga aka sa ta, inda ko mai wucewa zai gani. Ba wanda zai ce don Malam Isiyaku ne. Ba sai sun ce ba. Amma abin da mutum ya saya da shekarun ƙarshen rayuwarsa, ba zan zauna ina kallo gidanmu da kansa ya mayar da shi kyauta ba. Ku kuma da ke gida kuna shirin turo ɗa ko 'ya ta hannun wani mai gida, ku gode masa iya godiya, sannan ku ce a turo muku takardar da ya rantse a kanta a karanta muku. In mai gidan ya ji haushin wannan, kun san inda kuka tsaya tun ba a sayi tikiti ba.

Ga abin da na yanke, na kuma rubuta a nan don kada wani ya ce an yi masa ba-zata. Ranar addu'a zan je, zan durƙusa in gaida Alhaji kamar yadda aka koya min gaida manya, in tambaye shi iyali. Gafara kam ba zan nema ba. Na tura wa Yaya Balkisu adireshinmu, in ta yarda ta nuna wa jami'in da zai buga mata hatimi, a aiko katin nan. Baffa na kira shi da kaina na gaya masa, ya kashe waya a kunnena, ranar Juma'a zan sake kira. Na nemi hutun ranar da za ta sauka. Na san motar Alhaji za ta je, ni ma zan je a tiren, in tsaya inda ni za ta fara gani. Masaukinta ɗakina ne, na sayi katifa. Umma kuwa na ga ta ciro sabon zanin gado ta ɗora a kai. Aiki kuwa za ta yi masa da zuciya ɗaya, don shi ya kawo ta. Ranar farko ni zan raka ta. Zan tsaya a bakin ƙofa in yi sallama, in jira a amsa, sannan in tambayi Alhaji, a gaban telolinsa, ƙarfe nawa ake tashi.